Kunyar Ɗiyar Fari Ta Bi Ni Holan

Ban san na bar gida ba sai a filin jirgin ƙasar Turkiyya, inda aka sauke mu mu jira wani jirgin. Ni Balkisu, ungozoma a asibitin Wurno, wadda ta yi furfura a ɗakin haihuwa, ga ni zaune a kujerar ƙarfe na rungume jaka a ƙirji, mutane na ta wucewa ta kowane gefe, ba mai ce wa wani sannu. Na yi tsuru-tsuru, ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Abin da ya fito da ni aiki ne. An haɗa hannu tsakanin ungozomomin jiharmu da wata ƙungiyar ungozomomi ta ƙasar Holan, za a zauna a tsara ƙa'idar yadda babbar ungozoma za ta riƙe ƙarama idan ta fito daga makaranta, ta koya mata aiki har hannunta ya faɗa. Mu dai uwar ɗaki da 'yar ɗaki muka sani, kuma kowa da irin riƙonta. Wata ta riƙe ki kamar ɗiyar cikinta, wata ta mai da ke 'yar wanke-wanke. To aka ce a fitar da hanya ɗaya da kowa za ta bi, aka zaɓe ni in je in ga yadda suke yi, in faɗa musu yadda muke yi. Na so in ƙi tafiyar don na bar abu a gida, sai dai abin ba irin wanda zan iya buɗe baki in faɗa wa manya ba ne.

Ɗiyata ta fari ce ke da ciki, kuma cikin fari. Mu a gidanmu, da yake jinin Fulani ne ta wajen uwa, ɗan fari ba naka ba ne a gaban mutane. Ba ka kiran sunansa, ba ka kallonsa, ba ka tambayar lafiyarsa. Ana yaye ta aka kai ta Marnona wurin mahaifiyata Inno, can ta girma tana ce mini Adda, yadda ta ji ƙannena na faɗi. Ni kuma in ta kama dole sai in ce 'yar Marnona. Har aka aurar da ita a Goronyo ga wani manomin albasa, sunanta bai taɓa fita daga bakina ba. Allah ya sani, duk cikin 'ya'yana ba wanda nake ji har cikin ƙashina kamarta. Haka dai aka raine mu, ban kuma taɓa ganin aibun abin ba. Ga shi za ta zo goyon ciki gidana a Wurno, inda Inno take zaune yanzu da tsufa ya kama ta, ni kuwa ina hanya. Da wane bakin zan ce a fasa tafiyata saboda ɗiyar fari za ta haihu?

Ba ta zo mini sallama ba, ba a yin haka. Sai a cikin jirgi na buɗe jakar hannu na ga ƙullin yaji a wani ƙyallen atamfa. Na san atamfar, ni na saye ta cikin kayan aurenta. Na kai hanci, citta da kanumfari da daddawa, dakan hannu. Na gane Dije ta ba wa, ita kuma ta cusa mini. Dije 'yar ɗakina ce a asibiti, ɗiyar makiyaya daga Giyawa, ba ta daɗe da gama makarantar ungozoma ba. Na mai da ƙullin na rufe jakar, na juya fuska wajen taga don kada na kusa da ni ya ga idona.

Ina zaune a filin jirgin nan sai na ji an ce, "Hajiya, sannu da hanya."

Hausa! Na ɗaga kai na ga wani mutum da ƙatuwar rigar sanyi yana murmushi. Daɗi ya kashe ni, har na matsa masa ya zauna. Ya ce ya daɗe yana zirga-zirgar Turai, ya tambayi inda za ni. Da na ce Holan sai ya riƙe baki. Wai karnukansu shinshina jaka suke yi, duk wanda aka kama da abincin gida sai gidan yari, wai da idonsa ya ga an sa wa wata Hajiya ankwa a kan daddawa. Na shiga fito da kaya, kilishi, kuka, busasshiyar kuɓewa, ya ce zai kai mini inda ake zubarwa. Ya kuma sayar mini da wani layin waya da ya rantse yana kiran Najeriya daga ko'ina. A kan yajin ne kawai na tsaya. Na ce ya juye ya ba ni ƙyallena. Ya dube ni kamar mai taɓin hankali, ya juye a leda ya miƙo mini tsumman. Da aka kira jirginmu, ina cikin jerin masu shiga na hango shi can ya miƙe ƙafa yana yagar kilishina, har da lumshe ido. Na ce Allah ya isa da ƙarfi, wata Baturiya da ke gabana ta waiwayo ta yi mini murmushi, ta zaci gaisuwa ce.

A filin jirgin Holan ko kare ɗaya ban gani ba, ba kuma wanda ya buɗe jakata. Daga baya aka ce mini nama kam ba a shiga da shi, amma yaji ba ruwan kowa da shi. Layin da ya sayar mini ko tari bai yi ba.

Daga filin jirgi aka sa ni a jirgin ƙasa zuwa wani ƙaramin gari. Na manne da taga ina kallon ƙasar, shimfiɗe take ba tudu ba gangare, ruwa kwance a magudanai miƙaƙƙu irin na noman rani a bakin dam ɗin Goronyo, sai dai ba kowa a gonar. Ba mai ban-ruwa, ba jaki, ba yara. Na ga wasu shanu dabbare-dabbare tsaye a bakin garke ba makiyayi, na ce oho, ku ma ba ku da kowa. Ɗakin da aka ba ni a saman bene yake, matakalarsa a tsaye kamar tsanin hawa rumbu, kullum sai na huta a tsakiya. Sanyi kuwa ba a magana. Ruwa na ta zuba siriri-siriri ba tsawa ba iska, ba ya tsayawa balle a ce an ɗauke. Gari ba ya wayewa sai hantsi, kafin ki ankara ya sake rufewa. Abincin rana burodi ne mai sanyi da cuku, su ci suna ta yabawa. Ni kuwa in na koma ɗaki sai in shimfiɗa ƙyallen nan a kan gwiwa in ci burodina ina shinshina shi.

Kwanakin farko ban ji muryar kowa na gida ba, ga ba waya, ga kunyar in ce wa masu masauki an cuce ni tun a hanya. Wata rana da na fito daga wurin taro na ga albasa a ƙofar wani kanti, ƙafata ta kai ni ba shawara. Na ɗauki ɗaya, fara ce ƙatuwa, na kai hanci ban ji komai ba. Ina albasar Goronyo, ja, wadda tun daga bakin kasuwa take sa ki hawaye? Wannan ba ta sa ni hawaye ba, amma sai ga ni ina kuka riƙe da ita a bakin titi. Mai kantin ta fito, wata dattijuwa 'yar Maroko da lulluɓinta, ta yi mini sallama, na amsa, daga nan harshenmu ya ƙare. Ta ja ni ciki ta zaunar da ni a kan buhun shinkafa, ta kawo shayi mai na'a-na'a. Na nuna mata wayata na girgiza kai. Ta cire layin ta jefa a kwandon shara, ta sa mini wani daga kantinta, ta danna-danna ta miƙo mini. Ta kuma kama kafaɗata ta juya ni ta nuna mini alƙibla, ashe duk kwanakin nan a karkace nake salla. Har na baro ƙasar ban san sunanta ba, Hajiyar kanti nake ce mata.

A kan buhun nan na kira gida. Inno ta ɗauka tana ihu, don ita a ganinta in wuri ya yi nisa sai an ɗaga murya. Na tambayi ƙafarta, na tambayi maƙwabta, na tambayi akuyata mai ciki, na tambayi har mai kawo mana ruwa. Can a ƙarshe na ce, baƙi sun iso? Ta ce sun iso lahiya. Iyakar abin da na iya tambaya ke nan, iyakar abin da ta iya faɗi ke nan.

Abu ɗaya ya riƙa sanyaya mini rai, a lokacin sanyi agogonsu daidai yake da namu. In na duba na ga azahar, na san a Wurno ma ladan ya kira, na san Inno na neman butarta, na san wata na zaune a inuwar darbejiyar tsakar gida da cikinta a gaba. Sai in ji kamar katanga ce kawai tsakaninmu.

Wadda aka haɗa ni da ita sunanta Marika, tsohuwar ungozoma, doguwa, gashinta fari fat, ba ta da yawan magana. Da Turanci muke yi, nata a karye nawa a karye. A can mata da yawa a gida suke haihuwa, ungozoma ce ke bin su, kuma a kan keke. Ranar farko ta nuna mini bayan kekenta ta ce in hau. Ni da ko kabu-kabu sai na yi bisimilla sau ba adadi, ga jiki Allah ya ba ni, ga hijabi na kaɗawa. Na hau na ƙanƙame ta, muka bi gefen ruwa ina salati tana dariya. Aikinsu kam na yaba, hannunsu da tsabta, ba sa gaggawa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne bayan kowace haihuwa sai Marika da 'yar ɗakinta su zauna fuska da fuska da kofin gahawa, yarinyar ta faɗi inda ta ji tsoro da inda ta yi kuskure. Ran nan har na ji ta ce wa Marika ke ma kin yi jinkiri a wuri kaza, tana kallon tsakiyar idonta. Na jira in ga mari, sai na ji tsohuwa ta ce gaskiya ne.

Da aka zauna tsara ƙa'idojin, wannan suka sa a farko. Wai ƙarama ita ke da alhakin faɗin abin da ya dame ta, babba kuma ta bar ƙofarta a buɗe. Ni dama ba ni da haƙurin taro. Na ce ku bar ƙofar a buɗe har Mahadi ya bayyana, Dije ba za ta shigo ba. Na ce yarinyar da na bari a Wurno, ko gobara ta kama zanenta, in na tambaye ta lahiya lau za ta ce, kanta a ƙasa, kuma ba wauta ba ce, tarbiyya ce. Wata matashiya a cikinsu ta ce to ai sai tarbiyyar ta canja. Na ce ta zo Giyawa ta canja ta, zan ba ta masauki. Marika ce ta tambaye ni a natse, to ta yaya nake sanin abin da ke cikin Dije? Na ce ba na zaunar da ita. Sai muna wanke almakashi da faranti a bakin famfo, kafaɗa da kafaɗa, ba mai kallon wani, sannan nake tambaya. Amsar farko gaisuwa ce, ba na ɗaukarta. In kuma ta kawo mini wata magana ta gefe wadda ba ta da kai, to akwai abu a ƙarƙashinta. Na ce a wurinmu nauyin a kan babba yake, ita za ta fara ajiye kunya, don ita ba abin da zai ci ta. Na faɗi haka ina hura hanci, aka yi ta muhawara, a ƙarshe suka yarda a sa shi.

Sanyi ya fara sassautawa ke nan, lokacin da na san a gida ana cire albasa, wata safiya saƙon Dije ya shigo. Ta ce Anti, akuyarki ta haihu, biyu. Ga hoto. Dije ta iya ɗaukar hoto, amma wannan a karkace yake, akuyar da 'ya'yanta can a lungu, da ƙyar ake ganinsu. Abin da ya cika hoton tabarma ce da mutum zaune, ba a ɗauko kan ba. Ƙafafu sun kumbura sun yi sumul, ba a ganin idon sawu. Yatsun hannu sun yi tiɓi-tiɓi, awarwaro ya nutse a nama. Zanen da ke jikinta kuwa, ƙyallensa na cikin aljihuna. Na ga irin wannan kumburi ya kai mata ga jijjiga, na kuma rufe wa wasu ido da hannuna.

Na kira Dije nan take. Na ce na ga akuya. Ta ce to Anti. Na ce baƙi na zuwa awon ciki kuwa? Ta ce ba su taɓa zuwa ba, wai suna jin nauyin wurin aikina, kada a ce ga ɗiyar wance da ciki. Na ce ta ɗauki abin awon jini ta tafi gidan yanzu. Da hantsi ta kira ni. Ta je, mai cikin ta ja mayafi ta rufe hannuwanta ta ce lahiyarta lau. Inno kuma ta ce kumburi alamar namiji ne, tana ba ta jiƙo, ta kori Dije, wai yarinyar da ba ta san naƙuda ba mi za ta gaya mata.

"Anti," in ji Dije, "ke ɗai za ta ji. In ba ke kinka yi magana ba, ba ta miƙo hannu."

Na bi ta wajen Inno tukuna, don ita ce hanyar da na sani. Na kewaya na kewaya, na ce a bar Dije ta duba baƙuwar gidan. Inno ta gane sarai.

"Ke Balki, Turai ta cire miki kunya? Ɗiyar hwari kinka tambaya da bakinki? Ni da ni haihe ki ban san ciki ba?"

Ta kashe wayar. Na zauna a bakin gado da rigar sanyi a jikina. Na karɓi haihuwar rabin Wurno, na yi wa mazan mutane tsawa a kan matansu, na tare mota a titi da hannuna, amma ga ni na kasa kiran ɗiyar cikina.

Bayan azahar na je ɗakin shan magani na Marika don muna da masu awo. Komai na ɗauka sai ya faɗi. Ta lura, ta ga ina ta duba waya, ta miƙo hannu na ba ta. Kallo ɗaya ta yi wa hoton ta ce wannan matar asibiti take buƙata yau, ba gobe ba, wace ce? Na ce wata yarinya ce a gidanmu. Ta ce mi ne ne sunanta? Na kawar da kai. Ta dube ni ta daɗe, na jira ta jawo kujera da gahawa, wallahi da ta yi haka da lafiya lau zan ce mata. Sai ta kama hanya zuwa ɗan ɗakin da suke wanke kayan aiki, ta buɗe famfo, ta zube almakasai a ciki, waɗanda na san tun safe an wanke su. Ta miƙo mini buroshi, ta tsaya a gefena kafaɗarta na taɓa tawa, idonta a kan ruwa. Muka yi ta wanki. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Balkisu, ɗiyar wa ce?"

Na ce tawa ce. Daga nan komai ya zubo, Marnona, Adda, yajin, Inno, sunan da ban taɓa kira ba. Ba ta ce al'adarmu ba ta da kyau ba, ba ta ce komai a kanta ba. Ta rufe famfo ta goge hannu ta ce, "Ke kika ce mana babba ce ke fara ajiye kunya." Ta fita ta jawo mini ƙofa.

Na kira Dije na ce ta koma gidan da kayan aikinta, kada ta tsaya gaida kowa, ta kai wayar kunnen mai cikin. Na jira a tsaye. Na ji ƙarar kabu-kabu, na ji sallama, na ji kukan 'yan awaki da dakan maƙwabta, duk Wurno ta shigo mini cikin ɗan ɗakin nan mai warin sabulu. Sai na ji numfashi, da wata murya ƙasa-ƙasa.

"Adda, ina wuni."

Na dafa bakin famfo.

"Rakiya."

Na duba wayar. Na zaci layin ya yanke.

"Rakiya, ɗiyata, uwarki ce ka magana. Hwaɗa mini gaskiya, kanki na ciwo?"

Sai kuka, irin wanda aka daɗe ana dannewa. Ta ce yana yi, kamar zai tsage. Ta ce tana ganin wuta-wuta a idonta, ga wani ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari, ta ɓoye ne kada a ce ta yi raki a cikin fari. Na ce ta miƙa wa Dije hannunta, ta miƙa. Dije ta karanta mini awon, jinin ya hau ƙwarai. Ta fara cewa Anti mi za ni yi, na katse ta. Na ce ke ce ungozoma a wurin, ba ni ba, kin san allurar, kin san yadda ake yi, yi mata, ki nemi mota ku tafi Sakkwato, ki aika wa mijinta ya same ku can. Inno kuma ki ce mata ni na ce, in na dawo ta zage ni son ranta.

Ban san yadda na wuni ba. Marika ta sallami sauran masu awo ta kai ni gidanta, ta dafa mini wata miya ta kabewa, na kasa sha. Na yi ta salla ina duba waya. Sai washegari da safe Dije ta kira. Jijjigar ta so ta taso a mota suna gab da shiga gari, ta kwantar da ita a gefe ta riƙe ta har suka isa, aka shiga da ita aka yi mata aiki. An ciro ɗiya mace, bakwaini, an sa ta a kwalba. Uwar ta farka, ta sha ruwa. Na yi sujada a kan dardumar Marika, karenta na tsaye yana kallona.

A makon nan ne suka tura agogonsu gaba da awa guda, wai haka suke yi in zafi ya kusa. Abin ya ba ni haushi ƙwarai, ɗan abin da ya haɗa ni da gida ma sun raba mu. Sauran zamana a ƙasar jiki ne kawai. Aka sallamo su daga asibiti ba ni nan. Aka yi suna ba ni nan. Jikata ta fari, ni da nake fara ɗaukar 'ya'yan mutane tun kafin uwayensu su gan su, a waya na san fuskarta. Ta waya na yi ta faɗa da Inno a kan kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa, na ce mai hawan jini ba ta yin su, Dije ta tsaya a kai, wannan karon ba a kore ta ba. Ƙyallen nan ƙamshinsa ya ƙare sarai, sai warin aljihuna, amma ban daina shinshina shi ba. Muka gama tsara ƙa'idojin, maganar bakin famfo ta shiga yadda na faɗe ta. Ranar da zan taso Marika ta ba ni wata 'yar hular ulu da ta saƙa, na ce mata a zafin Wurno wannan sai dai ado. Hajiyar kanti kuma ta cusa mini na'a-na'a a jaka tana ta magana da harshenta, ina amsawa da nawa.

Na iso Wurno ana tsakiyar zafi, hadari na haɗuwa yana watsewa. Gida cike da mata 'yan sannu da zuwa. Na bi kowa na gaisa, na wuce mai jego a bakin ƙofar ɗaki ban dube ta ba, ita ma ta sunkuyar da kai, yadda aka saba. Inno ta ce ga marar kunyar Turai nan ta dawo, amma ta riƙe hannuna gam ta ƙi saki. Dije ce ta ɗora mini jaririyar a cinya, 'yar mitsitsiya, ido tar. Na tambayi sunanta, mata suka fashe da dariya. Ashe sunana aka sa mata. Ga ta ɗiyar fari, ga sunan uwa, Rakiya ba ta da bakin kiranta ko kusa. Wai 'yar Sakkwato take ce mata.

Da la'asar mata suka watse. Ina zaune a ɗakina ina warware kaya sai ta shigo da kwanon tuwo, ta durƙusa ta ajiye, ta ajiye wani sabon ƙullin yaji a gefe. Ta rame, ƙafafun sun saɓe, awarwaron na yawo a hannunta. Ba ta tashi ba. Ta juya fuska wajen bango tana wasa da bakin tabarma.

"Adda, ranan nan layi bai da kyau. Ban ji abin da kinka hwara cewa ba."

Na san ta ji. Na leƙa tsakar gida, Inno na kishingiɗe a ƙarƙashin darbejiya, ina ganinta ta miƙa hannu ta ƙara muryar rediyonta. Na jawo kwanon gabana, na kwance ƙullin, ban dube ta ba.

"Rakiya," na ce.

"Na'am, Inna."